Saitin bawul a gida: tsohuwar 300D mai wuyar tashi da safe

Mai 300D:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda hannunsu ya faɗa a kan tsofaffin injinan dizal.

Mota ce Mercedes 300D, ƙirar W123 ta 1981, mai silinda biyar, injin OM617 wanda ba shi da turbo, giya otomatik. Daga hannun baffana ta dawo wurina, kuma shi kansa ba ya iya tuna rabon da a buɗe murfin bawul ɗinta. A hanya ba ni da abin cewa a kanta: tana ja, ba ta zafi, ba ta shan ruwa, baƙin mai ma ba ya sauka yadda zai dame ni. Matsalar ta safiya ce. In ta kwana, sai na maimaita hita, wato 'yan ƙarafan da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da dizal, kik ya yi ta juyawa kafin ta kama. In ta kama kuma ta yi ta karkarwa tana fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, kana ji ka san akwai silindar da ba ta ci. Bayan 'yan mintoci sai ta daidaita. Da zarar ta ɗauki zafi kuwa, ko sau nawa na kashe ta, ina taɓa makulli take tashi.

Batir sabo ne. Na canza filtar gas duka biyun, ƙarama da babba. Na kai ta wurin wani mai gyara, ya kara kunne a jikin injin tana silo, ya ce bawul lafiya lau tunda ba ya ƙara, ringi ne ya tafi, sai an sauke inji. Maganar ba ta kwanta mini ba, domin a sanina injin da ringinsa ya mutu yana shan baƙin mai, yana kuma feso hayaƙi in ka buɗe murfin zuba mai. Wannan ba ya yi.

Ina so in fara da saitin bawul, kuma da hannuna, a gida. Mai da birki da bel duk ni nake canza wa kaina, sai dai ban taɓa shiga ƙarƙashin murfin bawul ba. Aikin na wanda ya kai matsayina ne? Nawa ne awon, kuma da sanyi ake yi ko da zafi? Waɗanne kayan aiki zan tanada, ta ina ake juya injin, kuma mene ne abin da in na kuskure shi zan yi wa motar illa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a sauke injin nan tukuna. Wanda ya ce maka bawul lafiya yake saboda ba ya ƙara, ya kifa maganar ne. A wannan injin, bawul mai ɗan ƙas-ƙas shi ne mai lafiya. Wanda ya yi tsit shi ake tsoro.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowane bawul yana bugun mazauninsa a cikin top, wato kan injin da ya rufe silindoji, sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya, fuskar bawul da ta mazaunin suna cinyewa, bawul ya ƙara nutsewa cikin top, sandarsa ta ƙara tasowa sama, ɗan sararin da ke tsakanin kam (ƙullutun da ke jikin kamshaf mai danna bawul) da roka (ƙarfen da ke tsakanin kam da bawul) ya yi ta raguwa. Ranar da sararin ya ƙare, kam ba ya sakin roka gaba ɗaya, bawul kuma ba ya zama daram. Injin fetur zai iya daurewa da haka na wani lokaci, domin yana da fulogi mai ba shi wuta. Dizal ba shi da kowa sai matsi. Naka yana matse iska kusan ninki 21, har ta yi zafin da gas zai kama da kansa in nozul ta fesa shi. In iskar ta sami kafar tsira ta bakin bawul, zafin ba zai kai ba, gas ya fita ɗanye ta salansa. Shi ne farin hayaƙin da kake gani, shi ne kuma warin.

Me ya sa sai da safe? Domin a OM617 sararin yana ɗan buɗewa in inji ya yi zafi. Bawul ɗin da ya matse yana yoyo da sanyi, in ƙarfe ya ɗumama ya sami ɗan sarari ya rufe, motar ta koma kamar ba ita ba. Ban ce lallai shi kaɗai ne ciwonta ba, amma labarin da ka bayar ya yi daidai da shi, kuma shi ne ya fi sauƙin dubawa. Barinsa kuma yana da haɗari, saboda bawul ɗin hayaƙi ta mazauninsa yake sauke mafi yawan zafinsa, a ɗan lokacin da yake zaune. In bai zauna ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakinsa. Nan ne aikin rabin yini yake komawa cire top.

Awon naka, da sanyi: bawul ɗin iska milimita 0.10, na hayaƙi 0.30. Da mai turbo ce, na hayaƙi 0.35 ne. Akwai awon ɗumi, in inji yana wajen digiri 60, a nan ana ƙara 0.05 a kan kowanne. Ni ban ba ka shawarar na ɗumi ba. Kai sabon hannu ne, za ka daɗe a kai, kafin ka kai silinda ta biyar injin ya huce, awonka ya zama biyu. Ka bar ta ta kwana, ka yi da safe. Ka kuma duba fila-gejinka, wato siraran ganyayen ƙarfen da ake auna sararin da su, da kyau, wasu suna da lambar inci da ta milimita a kan ganye ɗaya. 0.10 shi ne 0.004 a inci, 0.30 kuma 0.012. Kamfanin ya so a riƙa yin wannan aiki duk bayan mil 15,000, wajen kilomita 24,000 ke nan, don haka in baffanka ba ya tuna rabon da a yi, tabbas lokaci ya wuce.

Kayan aiki ba su da yawa. Soket 13 na notocin murfi guda huɗu. Soket 27 da doguwar sanda na juya karanshaf. Fila-geji. Sabuwar gaskit ta murfi, domin tsohuwar robar ta riga ta ƙeƙashe, in ka mayar da ita za ta yi yoyo. Sai kuma sifanu 14 guda biyu, sirara, masu lanƙwasa. A kan sandar kowane bawul akwai noti biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na sama mai hula ne, a kansa bakin roka yake zaune, na ƙasa kuma shi ke kulle shi. Wurin matsattse ne, ga paipan nozul sun tare hanya, miƙaƙƙen sifana ba ya samun wurin juyawa. Ana sayar da nasu na musamman. In ba ka samu ba, a gasa tsofaffin sifanu biyu a lanƙwasa su, a goge bakin ɗaya ya yi siriri yadda zai shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa. Akwai na uku mai riƙe faifan da ke danne sifirin, don wani lokaci faifan yakan bi noti su juya tare.

Kafin ka kwance komai, sa giya a P, ja birkin hannu, cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragi (-). Goge ƙura da datti daga kewayen murfin, kada yashi ya faɗa kan kamshaf. Sandunan totur sun bi ta saman murfin, ka ɗauke su hoto ta ko'ina kafin ka taɓa su. Kawunansu ƙwallo ne a cikin kofi, da sukundireba mai faɗi ake ɓalle su a hankali. Cire tiyon numfashi, kwance notoci huɗun, ɗaga murfin.

Juya inji ta notin fulin karanshaf ake yi, kuma hanya ɗaya tak: yadda hannun agogo ke tafiya in kana tsaye a gaban mota kana kallon injin. Kada ka koma baya ko kaɗan. In ka wuce inda kake so, ka ci gaba ka zagayo. Komawa baya yana danne abin da ke ɗame sarƙar tayimin, sarƙa ta yi sako-sako, tana iya tsallake haƙori, kuma a dizal tsakanin fistin da bawul babu wurin wasa. Kada kuma ka ga babban kusa a gaban kamshaf ka ce bari ka juya ta nan. Sarƙar ba a yi ta don kam ya ja karanshaf ba. In matsi ya tokare ka, dakata kaɗan, iskar za ta sace, ka ci gaba.

Bawul ɗin da za ka auna shi ne wanda tsinin kam ɗinsa ya kalli sama, ya juya wa roka baya sosai. Tsakanin gindin kam da bayan roka ake zura ganyen. Yadda ya kamata ka ji shi: yana shiga, yana ɗan riƙewa, kamar kana zare takarda daga ƙarƙashin littafi mai nauyi. In hannunka bai saba ba, ka yi amfani da ganye biyu. A na iska 0.10 ya shiga, 0.15 ya ƙi. A na hayaƙi 0.30 ya shiga, 0.35 ya ƙi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe daga duk maganata. Kada ka sa sifana a kan noti ko ɗaya sai ka auna goman duka ka rubuta. Zana layi goma a takarda, ka sa abin da ka tarar a gaban kowanne. Wannan takardar ita za ta gaya maka ko bawul ne ciwon motarka ko wani abu daban, gani ya kori ji. Wanda ya afka wa notoci kai tsaye zai gama aikin bai san abin da ya gyara ba.

Wurin gyarawa, riƙe na sama da sifana ɗaya, ka sassauta na ƙasa ya yi ƙasa. Don buɗe sarari, murɗa mai hular ya sauka. Kaɗan-kaɗan, motsin da ido bai cika gani ba ma yana canza awo. In ya yi, riƙe mai hular kada ya motsa, ka ɗago na ƙasa ya kulle shi. Sai ka sake aunawa, domin kullewar tana tura mai hular sama ta cinye wani abu daga sararin. Za ka koyi barinsa ya ɗan fi buɗewa kafin ka kulle, ya faɗo daidai. Na farko zai ci maka lokaci, sauran za su zo da sauƙi.

Mai Golf Dizal:

Oga ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara ne saboda masu karantawa da injinsu ba irin wannan ba ne, kada wani ya ɗauki 0.10 da 0.30 ya tafi da su kan tasa motar.

Tawa Golf ce mai injin 1.6, ta farkon shekarun 1980. Ita ba ta da notin murɗawa ko ɗaya. Kam yana taka wani kofi kai tsaye, a saman kofin akwai ɗan faifan ƙarfe, shim. Awonta da sanyi 0.20 na iska, 0.40 na hayaƙi. In sarari ya kauce, danne kofin ake yi da wani ƙarfe na musamman, a zare shim ɗin, a karanta kaurinsa, a yi lissafi, a sa wani mai kaurin da ya dace. Ba ka iya gama aikin rana ɗaya sai in kana da shim iri-iri a hannu. Injin XUD na Peugeot ya fi wannan wahala, domin shim ɗinsa a ƙarƙashin kofin yake, sai an cire kamshaf. Shi kuwa tsohon injin 504 dizal sanda ce ke tura roka, sukuru da noti ne a kan rokar, sifana da sukundireba sun isa. A irin wannan mai silinda huɗu ake amfani da lissafin tara: in bawul na 8 ya buɗe sosai ka saita na 1, na 7 ka saita na 2, haka har ƙarshe. Akwai kuma waɗanda ba a saita su sam, masu tafet na mai da ke cike sararin da kansa, kamar OM601 da OM602 da OM603 da suka zo a 190D da W124. Kowa ya nemi littafin injinsa.

Malam mai 300D, ka duba hita ma. Taka ta 1981 ya kamata a ce siraran hita ne masu waya kowanne da tasa, waɗanda in ɗaya ya mutu sauran suna ci gaba da aiki. Hita ɗaya matacce yana ba da irin wannan karkarwa da farin hayaƙin na 'yan mintocin farko. Da mitar awon lantarki za ka gane, lafiyayye yana nuna ƙasa da om 1 ko kusa da haka, matacce ba ya nuna komai.

Game da juya inji, na ga masu irin motarka suna sa sifana 22 a notin fulin famfon sitiyari, su danna bel da hannu, injin ya juya daga sama ba sai an kwanta a ƙasa ba.

Mai 300D:

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Malam mai Golf, kai ma na gode. Na gwada hita biyar ɗin da mita, duk suna da rai, don haka na cire su daga lissafi.

Na sami sifanun, na buɗe murfin yanzu haka, kamshaf fes yake babu zane a jikinsa. Amma na tsaya, domin bawul goman duk iri ɗaya nake ganinsu daga sama. Yaya zan bambance na iska da na hayaƙi? Na ɗauka bi da bi suke, ɗaya iska ɗaya hayaƙi, sai kuma na ji tsoron dogara da zato. Sannan Baba me ka gani game da juyawa ta famfon sitiyari? Ƙasan motar matsattse ne. Tambaya ta ƙarshe: tunda matsewa suke yi, ba gara in bar su su fi awon buɗewa ba, su daɗe ba su dame ni ba?

Tsohon Bakanike:

Madalla da ka tsaya ka tambaya, ɗana. Ba bi da bi suke ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ba na hayaƙi awon na iska, su matse shi da hannunsu. Daga gaba, wajen lagireto, zuwa baya, jerin shi ne: hayaƙi, iska, iska, hayaƙi, hayaƙi, iska, iska, hayaƙi, hayaƙi, iska. Kada ma ka tsaya a kan maganata. Leƙa gefen top inda manifol biyun suke, ka bi kowace kafa da ido, za ka ga bawul ɗin da take fuskanta. Wanda kafarsa ta tafi salansa na hayaƙi ne. Rubuta jerin a takardarka, kuma duk wanda ka gama ka ɗiga masa alli ko maka a kan rokar.

Ba sai ka bi su a jere ba. Duk wanda tsininsa ya taso sama shi ne naka. Karanshaf yana zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, don haka zagaye biyu cikakku sun kawo maka goman duka. Silindoji suna ci ne a tsarin 1-2-4-5-3, in ka lura za ka ga tsinayen suna tasowa a kan wannan tsarin.

Maganar famfon sitiyari, Malam mai Golf bai yi ƙarya ba, ana yi, kuma injin yana juyawa. Ni dai ba na so. Duk jan da ka yi, notin ƙara ɗaurewa yake, ranar da za a cire fulin nan sai an sha wuya. Ga shi in bel ya tsufa yana zamewa daidai lokacin da matsi ya taso. Soket 27 da ɗan gajeren ƙari yana shiga ta ƙasa, kuma in ka sami wanda zai tsaya a sama yana kallon kam yana ce maka tsaya, aikin ya zo da sauƙi. Abin da na hana gaba ɗaya shi ne juyawa da kik alhali murfi a buɗe yake, hannu da sifana suna kusa da sarƙa. Kuma kafin ka mayar da kan batir, tabbatar ka zare soket ɗin daga karanshaf.

Batun barinsu a buɗe: in dole sai an karkata, gara a karkata wajen buɗewa, wannan gaskiya ne. Amma da ɗan kaɗan, yadda ganyen awon zai shiga da sauƙi, na gaba da shi ya ƙi. In ka wuce haka, bawul zai makara wajen buɗewa ya yi saurin rufewa, iska ta ragu, kuma kam ya riƙa dukan roka maimakon ya hau ta a hankali. Da sannu zai cinye bayan rokar da tsinin kansa. Awon da aka bayar an yi lissafinsa, ka bi shi.

Abu ɗaya da ban faɗa ba a farko, kuma shi ne amsar tambayarka ta abin da zai yi wa motar illa. Notoci biyun nan su ne ke riƙe da faifan sifirin. Sassautawa kawai ake yi. Kada wani dalili ya sa ka kwance su gaba ɗaya, domin in fistin yana ƙasa, bawul zai sulale cikin silinda, kuma ba ya fitowa sai an cire top.

Tunda murfi a buɗe yake, duba sarƙar tayimin, ba ya cin minti biyar. A bayan giyar kamshaf akwai ɗan tsagi a jikin wosha, akwai kuma alama a jikin ƙarfen farko da ke riƙe kamshaf. Juya inji har su haɗu daidai, sannan ka leƙa ƙasa ka karanta lambar da allura ke nunawa a jikin fulin karanshaf. Sabuwar sarƙa kusa da sifili take tsayawa. Wannan awon ido ne, na gaskiyar da agogon awo ake yi a kan bawul ɗin iska na silinda ta ɗaya in ya buɗe milimita 2. Amma in ka ga ya haura digiri 5, ni a wurina lokacin yin na gaskiyar ya yi.

Mai 300D:

Baba, an gama, ga abin da takarda ta nuna kafin in taɓa komai. Na iska a silinda ta 2 da ta 5, ko ganyen 0.05 bai shiga ba. Sauran na iska ukun suna tsakanin 0.05 da 0.08. Na hayaƙi kuwa daga 0.15 zuwa 0.25 suke, ɗaya ne kawai, na silinda ta 1, ya kusa awonsa. Sarƙa ta nuna wajen digiri 3.

Silinda ta 5 ce ta fi ba ni wuya saboda tana can jikin bangon da ya raba wurin inji da cikin mota, kuma a nan sifana na ukun ya yi amfani, faifan sifirin yana ta bin noti. Bayan na gama na sake zagayawa na auna goman kafin in rufe. Da safe hita ɗaya na yi ta kama, karkarwar ta tafi, hayaƙin ɗan kaɗan ne na 'yan daƙiƙoƙi. Yanzu ina jin ƙas-ƙas siriri daga saman injin wanda da babu shi.

Abu biyu ne suka rage mini. Na hayaƙi a silinda ta 4 bai ba ni natsuwa ba. Duk lokacin da na kulle sai awon ya gudu, kuma notin ƙasan ban ji ya kama da ƙarfi irin na sauran ba. Na dai same shi a 0.30 na bar shi. Na biyu, ina ganin baƙin mai yana tsattsafowa ta bayan murfin, wajen bango. In ƙara ɗaure notocin?

Tsohon Bakanike:

Alhamdu lillahi. Bawul biyu da ba su da sarari ko kaɗan sun isa su ba ka duk abin da ka gani. Ƙas-ƙas ɗin nan kuma nasa ne, ka bar shi.

Kada ka ƙara ɗaure murfin. Awon ƙarfin ɗaurin notocinsa Nm 15 ne kawai, kuma murfin alminiyam ne, matsi ba ya tsayar da yoyonsa. Kusan kullum gaskit ce ke zamewa daga bakin murfi ta baya lokacin da kake kutsa shi ƙarƙashin bango, inda ido ba ya kaiwa. Ɗaga shi, goge mai daga fuskar top da cikin robar, mayar da ita ta zauna a bakin murfin ko'ina, ka saukar da shi a miƙe. Kafin ka ɗaure, zagaya da yatsa ta baya ka ji ko robar tana wurinta.

Na silinda ta 4 shi ne abin kulawa. Notin da ba ya kamawa da ƙarfi, galibi zarensa ne ya cinye, kuma irinsa yana iya kwancewa inji na tafiya. Notocin sun fi sandar bawul laushi, don haka akasari su ne ke mutuwa, sandar ta tsira. A canza duka biyun. Sai dai wannan shi ne aikin da na ce maka bawul yana iya faɗawa, don haka sai an kawo fistin na 4 can sama tukuna, lokacin da tsinin kam biyun na silindar suka kalli sama, ɗaya ya karkata hagu ɗaya dama. A nan ko bawul ya sauka, kan fistin zai zauna. Sai an cire rokar kuma kafin mai hular ya fita. Wannan kam ka nemi wanda ya taɓa yi ya tsaya a kanka, kuma ka duba zaren sandar da kyau kafin ka ɗaura sababbin. Kafin notocin su zo, kada ka yi doguwar tafiya da ita.

Bayan ka yi kilomita 1,000 zuwa 2,000, ka sake buɗewa ka auna goman. Bawul ɗin da ya daɗe ba ya zama sosai yakan tara gawayi a mazauninsa, yanzu da ya koma bugawa zai kakkaɓe shi, ya ƙara nutsewa, sararin ya sake raguwa. Na 2 da na 5 za ka fi sa wa ido. Ka rubuta sabon awon a gefen tsohon, tare da lambar kilomita. Bayan wannan ne, in har kana son sanin lafiyar ringi, za a sa gejin matsi ta ramin hita ko na nozul a gwada silinda biyar ɗin da inji a ɗume. Da an gwada kafin saitin, silinda ta 2 da ta 5 za su nuna ƙasa, a ɗora wa ringi laifin.